Fartanya Goma Sha Biyu a Ɗakin Ƙwallo

Aikin farko da Malam Lawan ya ba ni shi ne hura ƙwallo, kuma sai da na yi wata uku ina hurawa yana sacewa. Ku da kuke ganin koyar da ƙwallon kwando busa usur ne da ɗaga murya, ku ja benci ku zauna. Za ka jiƙa allurar famfo da yawu, ka zura ta a hankali don kada ka huda cikin, ka buga famfo, ka danna da manyan yatsunka biyu. Sannan ka ɗaga ƙwallon daidai goshinka ka sake ta a kan siminti. In ta dawo maka ƙugu, ta yi. In ta haura ƙirji, ka cika mata ciki, yaro zai buga ta kufce masa. Kuma wadda ka hura da sanyin safiya ba ita ce za ka tarar da azahar ba, rana ta ƙara mata. Malam Lawan ba ya faɗa. Dannawa ɗaya zai yi, ya miƙo maka, ya wuce. Wallahi gara ya zage ni.

Ni ne Garba mai sito. Shekara talatin da ɗoriya ina riƙe da makullin ɗakin kayan wasa a kwalejinmu ta nan gefen Gezawa, daga baya aka ce ni ne mataimakin koci, ko da yake a takarda ban taɓa ganin haka ba. Na san abin da kuke wa murmushi. E, gajere ne ni, ban taɓa taɓo zobe ba ko da tsalle. Shi ma Malam Lawan ba wani dogo ba ne, amma dogayen ƙasar nan kaf a hannunsa suka koyi tsayuwa. Ranar Asabar da aka yi taron girmama shi kun ga ina ta kai da kawo, na kasa zama, har wani cikinku yana cewa ko basir ne ya tasar wa Baba Garba. To ba basir ba ne. Ku bari in gaya muku abin da ya hana ni zama, tunda minti biyar ɗin da aka ba ni a lasifika ko gaisuwa ba su ishe ni ba.

Zoben farko da muka kafa, da rodi aka lanƙwasa mana shi wajen wani mai walda a kasuwar Gezawa. Sau uku muna mayar masa, don Malam Lawan ya zo da igiyar awo, ya ce faɗin ya gaza da yatsa biyu. Mai walda ya ce shi bai taɓa ganin mutumin da ke rigima a kan ramin da ba ruwa za a ɗiba a ciki ba. Allon kuwa katako ne, duk damina sai ya kumbura ya bankare, mu sauke, mu kankare, mu shafa fenti. Raga da hannu muke saƙa ta da igiyar shanya. Layin fili ni nake ja, da zare da gwangwanin fenti, ina tsugune tun hantsi. Kuma kun san ƙasarmu, ba wani taku ɗaya da ba gonar wani ba. Daga ƙarshen siminti gero ne, ƙwallo in ta fita sai ka yi sallama kafin ka shiga ɗauko ta. Da kaka kuma matan maƙwabta su zo su shanya barkono da gyaɗa a kan filin, don babu daɓe mai kyansa a duk yankin. Na so in kore su. Malam Lawan ya ce a bar su har la'asar, mu share mu yi wasa. Shekara nawa yaranmu suna atisaye suna atishawa.

Amma duk wannan ba shi ne aikin ba. Aikin yana bayan ƙofar sito, inda aka jingine fartanya goma sha biyu. Duk baƙon da ya shigo sai ya tambaya, me fartanya ke yi cikin ƙwallaye da riguna. Ni ma ranar da na fara aiki na tambaya, kuma amsar ba ta yi mini daɗi ba, don fartanya na gudo wa na zo kwaleji. Ubana manomi ne, na yi noma har bayana ya gaji, na samu aikin da ake sa wando da riga ana cusa ta ciki, na ce ni da kunya sai dai in gan ta daga kan keke.

Ga yadda abin yake. Gasar kwalejoji kusan kullum tana faɗowa ne bayan ruwan shuka, daidai lokacin noman firi, sa'ad da ciyawa ke tsere da gero. Yaranmu kuwa ba 'yan birni ba ne. Ɗalibi ne da safe, amma ɗan gidan wani ne, kuma wannan dogon da kake taƙama da shi a ƙarƙashin zobe shi ne ƙarfin gonar ubansa. Ka ɗauke shi mako biyu a wannan lokaci, ka taɓa abincin gidan na shekara. Malam Lawan ya gane wannan tun kafin in zo. Ya kan ce yara ba su ne abokan cinikinmu ba, iyayensu ne. Saboda haka da zarar an yi shuka, sai ya rubuta sunayen 'yan wasa a bayan kwali, ya jera garuruwansu. Kullum bayan asuba mu kwashi fartanya mu hau kekuna, yau gonar uban wane, gobe ta uban wane. Gayya muke yi sosai, mu goma sha huɗu a jere, ni da Malam da namu fartanyun na gida. Gonar da za ta ci wa gida mako guda, kafin azahar mun tashe ta. A kawo fura a ƙwarya mu sha a gindin ɗorawa. Sai an gama, an wanke hannu, sannan Malam Lawan zai cire hula ya goge gumi, ya tsuguna gaban mai gida, ya ce ya zo aron yaro na kwana goma. Ban taɓa ganin wanda ya hana shi ba.

Kuma a gonar yake zaɓen wanda zai fara wasa. Yana noma yana kallo ta wutsiyar ido. Wanda ya gama kunyarsa ya juyo ya kama wa na baya, wannan zai ba da ƙwallo. Wanda ya gama ya tafi inuwa, ko ya fi kowa iya jefawa, benci zai ɗumama. In kun gaisa kuma ba ya sakin hannunka da wuri, yana shafa tafin da babban yatsa kamar mai taya akuya, yana neman kantar noma.

A cikin duk yaran da suka ratsa hannunmu babu kamar Sale, ɗan Malam Ilu na wajen Zakirai. Ban ce dogo kawai ba, dogaye muna da su kamar karan dawa. Sale in ya karɓi ƙwallo sai ka ga kamar ya san inda kowa zai kasance kafin shi mai ƙafar ya sani. Hannunsa na hagu da na dama duk ɗaya. Malam Lawan, da ba ya yabon mutum a gabansa, ya taɓa ce mini a sito, murya ƙasa-ƙasa, irin wannan sau ɗaya ake ba koci a rayuwa. Har ya aika wa masu zaɓar 'yan wasan jiha, suka ce za su zo gasar wannan shekara su gan shi da idonsu.

To a shekarar ce babur ya kayar da Malam Lawan a hanyar kasuwa, ƙafa ta karye biyu, aka kwantar da shi gidan mai ɗori. Ruwa ya sauka, aka yi shuka. Na je duba shi, yana kwance an ɗaure ƙafar da karare, ya miƙo mini usur da kwalin nan na sunaye. Abu ɗaya ya ce: "Garba, ka ɗauki fartanya."

Na ce to. A hanya na ce wa kaina haba, wannan wahala ta Malam Lawan ce, shi ya ɗora wa kansa. Kwaleji ce fa, hukuma ce. Yanzu ni ne koci, ga usur a wuya. Sai na je ofis na sa aka buga mini takarda goma sha biyu da keken rubutu, da Turanci, aka danna hatimi. An rubuta cewa ana umartar ɗalibi wane ya bayyana a sansanin horo ranar kaza, wanda ya saɓa zai fuskanci hukunci. Har ina jin daɗin kalmar hukuncin nan. Na ba direban kwaleji ya rarraba gida-gida, na koma na zauna ina hura ƙwallo.

Ku ba ku san abin da takarda mai hatimi take nufi ga dattijo a ƙauye ba. Takarda ta kotu ce, ko ta haraji. Malam Ilu ba ya karanta boko, Sale kuma yana gona, sai ya kai ta ƙofar masallaci bayan la'asar, wani malamin firamare ya karanta ya fassara a gaban jama'a. Mutumin da shekara biyu koci da kansa yake tsugunawa a gabansa, yau an aiko masa da sammaci a kan ɗan da ya haifa, ana ambatar hukunci, maƙwabta suna ji. Aka ce bai ɗaga murya ba. Ya ninke takardar ya ce mai son ɗansa ya san hanyar gidansa, tunda kuma abin ya zama na iko, ya rantse Sale ba zai sake taɓa ƙwallon nan ba muddin shi uban yana raye. Kafin kwana biyu maganar ta zaga duk garuruwan da ke kan kwalin.

Ranar tafiya yara huɗu suka zo, su ma 'ya'yan ma'aikata ne. Da biyar ake fara wasa. Na tsaya bakin titi da bas tana ruri, ina leƙen hanya, direba yana danna oda. Muka je a hakan, wai ko wani zai biyo mu. Alƙalin wasa ya duba agogo, ya ƙirga mu, ya busa, aka ba abokan karawarmu wasa ba tare da an taɓa ƙwallo ba. Mutanen jiha biyu suna zaune da littafinsu, ɗaya ya taso ya tambaye ni ina yaron da aka ce su zo su gani. Na ce yana gona. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Malam Lawan da ya fara takawa, da sanda ya je Zakirai, ya tsuguna da ƙafar da ba ta gama warkewa ba. Malam Ilu ya karɓe shi da mutunci, ya ce shi Malam Lawan ba shi da laifi, amma rantsuwa ta riga ta fita. Sale ya ƙarasa karatunsa, yana wucewa ta gefen fili ba ya juyowa. Ya koma gida, ya yi aure, ya gaji gonar. Ni kuwa Malam Lawan bai kore ni ba, bai zage ni ba. Ya karɓi usur ɗinsa, ya ce zuwa da kai ya fi aike, shi ke nan. Daga shekarar ban sake fashin gayya ba, na yi noma a gonakin mutane sun fi ɗari. Gona ɗaya ce ban sake takawa ba, ta gidan su Sale. In mun haɗu da Sale a kasuwa zai ce sannu, in ce sannu, amma sunana bai sake fita daga bakinsa ba. Shekara ashirin da uku ana haka.

Bana Malam Lawan ya ajiye aiki, hawan jini ya taɓa masa ɓarin hagu. Tsofaffin ɗalibai suka ce sai an girmama shi, a sa wa fili sunansa, a yi wasa a gabansa. Aka damƙa shirin a hannun Nura, sabon kocinku, wanda ke zuwa daga Rijiyar Zaki a kan babur da digirinsa da allon zane. Ba na raina shi, ya san dabarun da ni ban taɓa ji ba. Amma da ya sa ranar taro, na ce masa ranar ta faɗa tsakiyar firi. Ya ce ba matsala Baba, ya tura wa kowa saƙo a waya. Na ji kamar ni ne nake magana da bakin wani. Ana saura mako guda, ruwa ya yi kwana biyu yana zuba, ya busa usur a fili, yara uku suka fito. Cikin waɗanda ba su zo ba har da Auwalu, wanda duk wasan ya dogara a kansa. Auwalu kuwa ɗan Sale ne na fari. Uban bai hana shi wasa ba, bai kuma taɓa zuwa kallo ba, amma da ruwa ya sauka ya kira abinsa gida.

Muka je gaida Malam Lawan da Nura, yana ta lissafa masa rumfuna da manyan baƙi. Malam ya saurara har ya gama. Bakinsa ya ɗan karkace yanzu, sai ka matso kake ji. Ya ce shi duk bai damu da waɗannan ba. Ya juyo ya kalle ni, ni kaɗai, ya ce: "Ina so in ga Sale a wurin."

Kwana biyu ina zagaya sito kamar kazar da ke neman wurin ƙwai. In buɗe, in rufe, in ƙirga rigunan da na riga na ƙirga. Ran Litinin na fito da fartanyun, na kai wa maƙeri ya gyara bakinsu, na ce wa Nura gobe ya zo da tsohon wando. Ya ɗauka wasa nake. Muka bi gidaje biyar da yaran nan uku, kowane gida muka tashi da ƙarin mutum ɗaya. Zakirai na bari ƙarshe, ran Juma'a da sassafe, don tsoro nake ji, ba zan ɓoye muku ba.

Mun tarar da Sale da Auwalu sun riga sun shiga gona. Gonar nan dai ce, ga tsamiyar da Malam Ilu yake zama a gindinta, Allah ya jiƙansa. Na yi sallama, Sale ya amsa bai ɗago ba. Na kama kunyar da ke kusa da tasa na sunkuya. Shekarata sittin da biyu, rabon da in yi noman kirki tun ciwon bayan da ya kama ni bara waccan. Kafin in kai rabi yara sun je sun dawo. Nura kuwa, Allah sarki, riƙon fartanyar ma kamar mai riƙe da cokali, yana sare gero yana barin ciyawa, hannunsa ya yi bororo ya fashe, amma bai tsaya ba, wannan kam na yaba masa. Ni numfashina ya fara fita da ƙara. Ina cikin haka sai na ga fartanya tana tahowa daga ɗaya ƙarshen kunyata. Sale ne ya gama tasa ya juyo ya kama mini. Muka haɗu a tsakiya, kai da kai.

A nan na tsuguna, cikin ƙasa, ba a gindin bishiya ba. Na ce masa takardar nan ni na rubuta, ba kwaleji ba, ba Malam Lawan ba, an ce in zo da ƙafata na ƙi don girman kai. Na ce na san abin da na tare masa, ba kuma ni da abin da zan mayar masa da shi. Na ce na zo aron Auwalu na yini ɗaya, Malam kuma yana son ganinsa shi kansa. Ya daɗe yana kankare ƙasa daga bakin fartanya da ɗan tsinke. Sannan ya juya wajen Nura, ba wajena ba, ya ce yaro zai zo. Game da kansa bai ce uffan ba. Aka kawo fura, ya miƙo mini ludayi, amma bai kalle ni ba.

Shi ya sa ranar Asabar kuka ga na kasa zama. Rumfuna sun cika, shugaban kwaleji ya yi jawabi, tsofaffin ɗalibai sun zo da motoci daga birni, wasu da furfura, kowa yana faɗin kofunan da aka ci. Aka yaye ƙyalle a kan allon da ke ɗauke da sunan Malam. Shi kuwa yana kan kujera a gefen fili, an ɗora masa lambar yabo a cinya, ba ta ita yake ba. Duk wanda ya shigo ta ƙofa sai ya ɗaga kai. Ni ma haka. Na je bakin titi ya fi sau goma. Da Nura ya zo gaishe shi, Malam ya riƙe hannunsa, ya shafa tafin, ya ji bororon nan, ya ɗago ya dube shi da kyau a karo na farko, ya gyaɗa kai. Nura bai san abin da aka ba shi ba a lokacin, amma ni na sani.

Aka fara wasa, Auwalu yana ta abin da ya gada. Aka tafi hutun rabin lokaci, babu Sale. Na ce shi ke nan, na yi wa Malam asarar wannan ma. Na shiga sito na ɗauko sabuwar ƙwallo don zagaye na biyu, na hura ta cikin gaggawa. Ina fitowa na hango keke jingine a jikin darbejiya, taɓo har kan sarƙa. Sale yana tsugune gaban kujerar Malam Lawan, ƙafarsa duk ƙasar gona, Malam ya riƙe hannunsa da hannun nan mai lafiya ya ƙi saki. Ban ji abin da suka ce ba, ban kuma matsa ba. Na tsaya da ƙwallo a hannu kamar wanda aka dasa.

Malam ne ya yafuto ni. Ya nuna ƙwallon, ya nuna Sale. Na miƙa masa. Mutanen da suka san labarin suka zuba ido, ana jira a ga ko zai jefa, tunda mai rantsuwar ya riga mu gidan gaskiya. Bai jefa ba. Ya juya ta a hannu sau biyu, ya danna da manyan yatsunsa, ya ɗaga ta daidai goshi ya sake ta a kan siminti. Ta dawo masa har ƙirji. Ya cafe, ya miƙo mini, ya kalle ni cikin ido.

"Malam Garba," in ji shi, "iskar ta yi yawa."

Gaskiyarsa ne kuwa, ta yi yawa. Na karɓa na koma sito, na jiƙa allura na rage, na daɗe a ciki fiye da yadda aikin yake bukata. Da na fito na tarar ya zauna a kan bencin 'yan wasa, ya matsa ya bar mini wuri a gefensa.